Juwairiyya, Jinin Watan Nuwamba Ba Nawa Ba Ne

Ranar Litinin, sha biyar ga watan Satumba na shekarar 2025, ana cikin kwanakin ƙarshe na watan Maulidi, Allah Ya karɓi ran Juwairiyya Maliki da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Shekararta arba'in da ɗaya. Ina zaune a makarantarmu ta matan aure da ke Kawo, ina sauraron tilawar wata ɗaliba, aka miƙo mini waya. Ana yayyafi mai laushi a kan kwano, irin wanda ke sa mutum gyangyaɗi. Na ji saƙon, na ce mu na Allah ne kuma wurinSa muka dosa, sannan na ce wa ɗalibar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta ci gaba har ta kai ƙarshen shafi, ban ji ko harafi ɗaya ba.

Ga wanda bai san ta ba, Juwairiyya ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, aikinta binciken jini. A Unguwar Dosa take zaune da mijinta da 'ya'yanta biyu. Ni kuwa sunana Rahmatu Isa, shekara talatin ke nan ina koya wa mata hadda. Ba dangi muke ba, ba kuma sa'o'in juna ba, don na girme ta da shekara ashirin. Allura ce ta haɗa mu.

Juwairiyya, na zauna ne in rubuta alherinki, kuma zan rubuta shi. Amma ina da laifi a wurinki wanda na riƙe kusan shekara huɗu ban faɗa ba, har kika tafi ba ki ji ba, kuma hannuna ya ƙi ya yabe ki ya tsallake shi. A cikin kwalaben jinin da kika ajiye da lambata, akwai guda ɗaya, ta watan Nuwamba na 2021, wadda ba daga hannuna aka ɗebe ta ba. Bari in faro daga farko, don mai karatu ya gane nauyin abin.

A ƙarshen shekarar 2020 korona ta kwantar da ni. Kafin nan ina cikin masu cewa ciwon masu hawa jirgi ne, ba ruwansa da tsohuwar da iyakar tafiyarta daga Kawo zuwa Babbar Kasuwa. Sai ga ni kwana goma sha biyu ina tari ina riƙe ƙirji. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ɗaukewar ƙamshi. A sa turaren wuta a gabana, in ga hayaƙi yana tashi yana lanƙwasa, amma hancina bai san ana yi ba. A kaɗa miyar kuka da daddawa, in kurɓa in ji ruwan zafi kawai. Mutane suna shigowa suna fita, ina ganin bakinsu yana motsi, ban tabbata ko a farke nake ba. Da Allah Ya nufa na miƙe, sunana ya riga ya shiga takardar waɗanda aka gwada aka samu suna da cutar. A can kika samo ni.

Cikin watan Fabrairu kika yi sallama a gidanmu, riƙe da wata 'yar kula mai ƙanƙara da jakar takardu. Kika tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, kika durƙusa kika gaishe ni, kika gaishe da maigidana Malam, sannan kika ce jinina kika zo roƙo. Na dube ki sama da ƙasa. A lokacin gari ya cika da maganar masu kwasar jinin mutane suna kaiwa inda ba a sani ba, ni kuma ba a san ni da saurin yarda ba. Ba ki ji haushi ba. Kika fito da kwalbar, ba ta fi ɗan yatsana ba, kika ɗora mini a tafin hannu in gani da kyau.

Kika yi mini bayani cewa idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, jiki yana ƙera wasu ƙwayoyin garkuwa musamman dominta, su zauna a cikin jini suna jiran ta. Abin da kike so ki sani shi ne tsawon zaman da suke yi a jinin mutanenmu na nan, masu cin tuwo, masu shan zazzaɓin sauro kowace damina. Wata uku ne, shekara ce, ko sun fi haka? Da kika ga ina ta juya kwalbar, sai kika canza hanya, kika tambaye ni abin da ya shafi sana'ata.

"Malama, idan ɗaliba ta haddace hizifi ta bar tilawa, wata nawa yake yi kafin ya zube?"

Na ce ya danganta da ɗalibar. Wata cikin wata biyu ya fara tsinkewa, wata kuwa ta shekara yana bakinta. Kika ce to idan ya zube, shi ke nan ya tafi? Na ce ina, ai yana nan kwance a ƙirji, da an ja mata baki a farkon aya sai ki ji ya biyo. Kika tafa hannu sau ɗaya, idanunki suka yi haske a saman takunkumi. Kika ce jiki ma haka yake. Ƙwayoyin garkuwar da ke yawo a jini su ne tilawar da ke kan harshe, suna raguwa da tafiyar kwanaki. Amma akwai wasu da ke laɓe can ciki, sun riƙe kamannin cutar, idan ta dawo su ne ke tashi su sake ƙera sababbi. Malam ya yi dariya daga inda yake kishingiɗe, ya ce yarinyar nan ta sha kaina. Na naɗe hannun riga.

Mu ɗari biyu da 'yan kai kika tara, daga Kawo da Hayin Banki da Badarawa har Rigasa, kuma da mu za ki rubuta littafin digirinki na uku. Kowa da lambarsa, tawa sittin da uku. Duk wata uku a ɗebi jini, har shekara biyu. Ƙa'idar mai tsauri ce: wanda ya tsallake ɗiba ɗaya, layinsa ya tsinke, sai a cire shi daga babban lissafi. Kin faɗa mini mutane suna zamewa, wani ya yi tafiya, wata mijinta ya hana, wani ya ce ya gaji da huda. Ni da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce miki ko kowa zai watse, lamba sittin da uku ba za ta yi fashi ba. Ina da wannan halin na cika baki, ɗalibaina sun sani.

Jijiyata mai wuyar samu ce, ma'aikatan asibiti sun sha yi mini rami uku kafin su dace. Ke kuwa sai ki ɗora babban yatsa a gwiwar hannuna ta hagu, ki lumshe ido, ki riƙa tambayata labarin wata sura ko kuɗin tumatir, kafin in gama amsa har kin manna auduga. Na ga yadda kike rungume kular nan a cinya cikin keke-napep, kina kare ta daga rana da gefen hijabinki. Na ji labarin wata mata a Rigasa da kika ga jininta ya yi ƙasa ƙwarai, abin da bai shafi bincikenki ba ko kaɗan, kika koma washegari kika kai ta asibiti da kanki. Da azumi ya zo mutane suka ƙi ba da jini don tsoron karyewar azumi, ba ki yi musu da kowa ba, wurina kika zo kika ce in faɗa musu abin da littafi ya ce, ko ya dace da bukatarki ko bai dace ba. Na tara matan na gaya musu 'yar wannan ɗiba ba ta karya azumi, suka miƙa hannu.

Kuma ba ki taɓa ɗaukar jinin mutum ki ɓace ba. Kowa sai kin dawo masa da sakamakonsa, kin zana masa a takarda da biro. Nawa ɗigo na farko yana can sama. Na watan Mayu ya sauko kusan rabi. Na watan Agusta ya ƙara sauka kaɗan. Da na ga haka na ce sun ƙare ke nan? Kika ce a'a, haka suke yi, da farko su gangaro da sauri, daga baya su riƙa tafiya a hankali, kuma yawansu a jini ba shi kaɗai ne ke nuna kariyar mutum ba. Na ce to har yaushe za su kai? Kika yi murmushi kika ce ai tambayar da kike yi wa jinina ke nan, ni ce zan ba ki amsa. Bayan tafiyarki nakan zauna a tsakar gida in dubi hannuna, in yi ta tunanin waɗansu 'yan halittu da ban taɓa gani ba suna kewaya a cikina, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

A watan Satumba na 2021 Malam ya rasu. Ya dawo daga masallaci da azahar, ya ce kansa yana juyawa, kafin la'asar an gama. Ke a lokacin kina Kudu, an tura ki kwas na wata uku, ba ki ji ba, ni kuma ban sa an gaya miki ba. Na shiga takaba. Wanda bai yi ta ba ba zai gane yadda kwanaki ke narkewa a cikinta ba. Ka ga rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma, ka ɗauke ido, ka dawo ka tarar ta hau bango. Nakan ji tarin Malam a zaure, in miƙe in ɗauko masa buta, sai a tsakiyar tsakar gida in tuna. Damina ta ɗauke ban lura ba.

Ina cikin wannan hali saƙo ya shigo wayata daga Hamisu, abokin aikinki da kika bar wa ɗibar jini kafin ki dawo. Ya ce ɗiba ta huɗu ta zo, kowa ya je asibitin unguwa ranar Laraba da katinsa.

Na san hukunci, ni nake koyar da shi. Mai takaba tana iya fita da rana don wata bukata. Amma na san unguwarmu kuma. Na hango matan da na karantar suna leƙe ta katanga suna cewa ga Malama can a titi, mijinta bai yi wata biyu a ƙasa ba, ta je namiji ya riƙe mata hannu. Na kasa haɗiye wannan. Da na buga waya na faɗi halin da nake ciki, da an turo mace har gida, ko a ɗaga mini rana. Ban yi ba. Na ga kamar neman alfarma ne, ni da na ce ba zan ba da wahala ba. A gefe guda kuma ga alkawarin da na cika baki na ɗauka.

Ƙanwata Kande tana zaune da ni a lokacin, tana taya ni zaman. 'Yar kasuwa ce, atamfa take sayarwa, komai a wurinta yana da gajeriyar hanya. Ta ga ina juya katin a hannu, ta ce:

"Yaya, ba ni nan. Uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya muka sha, me zai bambanta nawa da naki?"

Wallahi a lokacin na ɗauka taimakonki muke yi. Na ce a raina layin ba zai tsinke ba, yarinyar nan ba za ta rasa mutum ɗaya ba. Idanunmu iri ɗaya ne ni da Kande, tsayinmu ɗaya. Ta zura hijabina, ta ɗaura takunkumi, ta tafi. Ta dawo tana dariya da auduga a hannu, ta ce mutumin har cewa ya yi yau jijiyar Mama ba ta yi gardama ba. Abin da daga ni har ita ba mu kawo a rai ba shi ne, mako uku kafin nan an yi wa Kande allurar rigakafin korona ta biyu, saboda tana shirin tafiya Umara. Jininta a cike yake taf da ƙwayoyin garkuwa sababbi.

Da kika dawo a watan Disamba, daga tasha gidana kika wuce. Mu biyu ne a ɗaki. Kika yi mini gaisuwar Malam kina kuka, kika tuna dariyar da ya yi miki ranar farko. Da kika share ido sai kika kama hannuwana biyu.

"Malama, har cikin takaba kika fito domina. Ban san da me zan saka miki ba."

A nan ne ya kamata in yi magana. Kalma biyar ta isa. Na buɗe baki, na ga yadda kike dubana, na rufe. Ba zan ɓoye ba, yabon ya yi mini daɗi. Wata uku ina zaune ba wanda ya dube ni sai da idon tausayi, sai ga wata tana dubana da idon girmamawa. Na ce miki ba komai, Allah Ya yi albarka.

Bayan mako biyu kika dawo da takarda. Ɗigon watan Nuwamba ya tashi ya wuce na farko, ya kusa fita daga takardar. Kika zauna kika jera mini tambayoyi. An yi mini rigakafi? Na ce a'a. Na yi tari, ko zazzaɓi, ko mura? Na ce a'a. Duk amsar da na ba ki gaskiya ce, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Can kika tambaye ni mutum nawa suka zo zaman makoki. Na ce ba su ƙirguwa. Sai kika miƙe tsaye. Kika ce mai yiwuwa a cikin taron nan wani ya shigo da cutar, ta shiga jikina, waɗanda ke laɓe suka gane ta suka tashi, suka gama da ita ban ko yi atishawa ba. Kika ce an ja wa jikina baki, ya biya. Ban taɓa ganin farin ciki irin na fuskarki a ranar ba, kuma ban taɓa jin kunya irin tawa ba.

Da aka ɗebi na watan Fabrairu, wanda nawa ne na gaskiya, ɗigon ya faɗo ƙasa, ya koma daidai inda tsohon layina ya dosa, kamar ba a taɓa yin komai ba. Nan farin cikinki ya koma damuwa. Kika ce tashin kina da bayaninsa, amma irin wannan faɗuwa cikin wata uku ba ki san ta ba. Kika ciro ragowar jinin Nuwamba daga firji kika sake gwadawa har sau uku, da kayan gwajin da kike tattali. Kika rubuta wa malamanki. Kika zargi hannunki, kika zargi na'ura, har kika zaunar da Hamisu kika tambaye shi ko ya haɗa kwalabe. Bawan Allah ya rantse, aka duba rajista, lamba sittin da uku ce, katina ne, sa'a da rana duk daidai.

Malaminki ya ce ki ajiye wannan ɗigo a gefe ki kammala littafinki, mutum ɗaya ne cikin ɗari biyu. Kika ƙi. Kin faɗa mini da bakinki cewa ba za ki jefar da abu don kawai ya hana ki barci ba, sai kin san dalilinsa. Duk da haka, da kika ga shekaruna, ke da kanki kika kai ni aka yi mini rigakafi, kin san hakan zai rufe miki ƙofar ƙara bin jinina, kika ce lafiyata ta fi littafinki. Sai kika koma neman irina a cikin sauran mutane. Duk wanda aka yi rasuwa ko biki a gidansa tsakanin ɗiba biyu, kika bi shi kika sake duba nasa. Sama da shekara biyu kina wannan. Kin samu waɗanda nasu ya ɗan tashi, amma ba ki samu wanda ya tashi ya faɗo irin nawa ba. Abokan karatunki suka gama aka yi musu walima, ke babi ɗaya ya tsaya miki a buɗe.

Ni kuma ina nan ina koya wa mata cewa gaskiya ba ta da lokacin da ya fi yanzu. Sau nawa na yi niyya? Ranar sunan 'yar ƙanwarki na ja ki gefe, na ƙare da tambayarki maganin ciwon gwiwa. Na taɓa hawa mota daga tashar Kawo na nufi wurin aikinki, da muka iso na ce wa direba ya wuce da ni kasuwa. Kullum abin yana ƙara nauyi, don wanda ya yi shiru wata ɗaya zai iya cewa mantuwa, wanda ya yi shekara uku me zai ce? Kande da farko cewa take in manta, jini ne ba rai ba. Daga baya ita ma ta daina haɗa ido da ke idan kin zo.

Da ciwo ya kwantar da ke, irin wanda aka gano a makare, na je asibiti da la'asar na ce yau ko me zai faru sai na faɗa. Na tarar kin rame, idanunki sun ƙara girma. Ɗakin cike da 'yan dubiya. Na zauna a bakin gado, kika jawo hannuna na hagu, kika ɗora yatsa a kan jijiyar nan kamar yadda kika saba, kika lumshe ido. Na sunkuya na ce akwai maganar da nake so mu yi. Kika ce, a hankali, idan kin fito za ki zo har gida, mu zauna mu biyu, ke ma kina da tambayoyin da suka rage. Na karɓi wannan jinkiri hannu biyu, na tashi ina jin sauƙi. Kwana tara bayan nan aka miƙo mini waya.

Ranar addu'ar uku, da aka watse, na sa Kande a gaba muka tafi wurin Hamisu. Shi aka damƙa wa takardunki. Kafin in yi magana ya ce kin bar masa wasiyya a kaina, cewa kada ya rufe babin nan sai ya sake zama da Malama, don kin tabbata akwai abin da ba a tambaye ni ba. Na ce masa kina da gaskiya, akwai. Na faɗa masa komai, Kande ta ƙara da ranar da aka yi mata rigakafi. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Mama, shekara huɗu ina zargin hannuna," in ji shi.

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, amma bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya buɗe kwamfutarki ya nemo lambata. Ga layin nan yana gangarowa, ga ɗigon nan ɗaya a sama shi kaɗai. Ya danna wani abu, ɗigon ya ɓace. Abin da ya rage layi ne mai saukowa a hankali, irin na kowa. Ya ce tunda ɗiba ta huɗu babu ita, lamba sittin da uku ta fita daga babban lissafi, kamar yadda ƙa'idarki ta ce. Ya ce sauran aikin kin gama shi tuntuni: a yawancin mutanenki ƙwayoyin garkuwar sun ragu da sauri a watannin farko, sannan suka lafa, kuma da yawa ana iya ganin nasu bayan shekara ta wuce. Amsar tambayarki tana hannunki tun tuni. Abin da ya tsare ki shekara uku, ya warware kafin shayin da aka kawo mana ya huce.

Daga nan na wuce Unguwar Dosa wurin mahaifiyarki, Hajiya Safiyya. Na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, mai shi kuwa tana ƙasa. Na roƙi a ba mu wuri, na durƙusa a gabanta duk da kusan sa'ata ce, na faɗa mata na cinye wa 'yarta shekaru uku na ƙarshen rayuwarta, na hana ta ganin ƙarshen aikinta. Ba ta san ɗigo ba, ba ta san layi ba, amma ta gane. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce kwana biyu kafin ki cika kin tara su, kin nemi gafarar kowa, kin kuma ce duk wanda ya yi miki laifi kin yafe masa, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.

"Kina ciki, Malama," ta ce. "Tashi ki zauna a kujera."

Na tashi, amma ban samu sauƙin da na zata ba. Kin yafe mini a cikin jama'a, Juwairiyya, tare da mai keken da ya taɓa yi miki tsawa da maƙwabciyar da ta taɓa yi da ke. Ni kuwa so na yi ki ji daga bakina, ki cire hannunki daga nawa, ki yi fushi da ni ko na mako ɗaya ne, ki faɗa mini abin da na jawo miki, sannan in kin ga dama ki yafe. Wannan na hana kaina, kuma ba wanda zai iya ba ni shi yanzu.

Ya Allah, ga baiwarKa Juwairiyya ta zo gare Ka. Ta yi aikinta da amana, ba ta jefar da abin da ba ta gane ba, ba ta raina hannun talaka ba. Ka yi mata rahama, Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi, Ka sanya jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka sa ilimin da ta bari ya amfani mutane, ladansa ya riƙa isa gare ta. Shekarun da ta ɓata tana neman gaskiyar da ni na ɓoye, Ka rubuta mata su cikin mafi nauyin ayyukanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta Hajiya Safiyya, da mijinta Malam Shamsuddeen, da 'ya'yanta Faruk da Umaima, da Hamisu da sauran abokan aikinta, da mutum ɗari biyun nan da suka miƙa mata hannu a Kawo da Hayin Banki da Badarawa da Rigasa. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya raya abin da ta bari, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Hamisu ya ce za a kammala littafin a fitar da shi da sunanta kafin azumi, kuma a shafin ƙarshe za a jera lambobin waɗanda suka cika alkawari daga farko har ƙarshe. Faruk, Umaima, idan kun girma kun buɗe shafin, za ku ga daga sittin da biyu an tsallaka zuwa sittin da huɗu. Ba kuskuren mahaifiyarku ba ne. Ni ce, kuma ina roƙon ku sa ni a addu'a idan kuna yi mata.